Dutsen Bankwana

Shekarar da aka fitar da Jihar Kebbi daga Sakkwato, mu ma'aikatan gidan rediyo aka raba mu kamar yadda aka raba tebura da kujeru. Aka duba garin kowa. Ni nawa Yelwa ne, don can mahaifina ya fito, ko da yake a Sakkwato na tashi kuma ban san kowa a Yelwa ba. Ban daɗe a Birnin Kebbi ba aka ce ana son wakili a kudancin jiha, wanda zai riƙa aiko da labaran Yauri da Ngaski da Shanga. Babu wanda ya nuna sha'awa. Ni ba ni da iyali a lokacin, Inna kuma ta rasu da daminar shekarar, saboda haka aka dube ni, ni ma na ce to.

Na kama ɗaki a bayan layin masu bandar kifi. Komai nawa ya koma warin hayaƙi, har rakodar da nake ratayawa. Da safe in zaga kasuwa da asibiti da kotu, da rana in tsara abin da na samo, in ba direban da zai tafi Birnin Kebbi kaset. Da la'asar sai in tafi bakin ruwa in zauna ina kallon masu sauke albasa daga jirage. Mutane suna girmama ni, suna ce mini mai rediyo, amma da na buɗe baki sai su gyara zama. Hausar da aka koya mini ba ta zaman hira ba ce. Ko ina kwana na ce, sai ka ga kamar suna jiran in ci gaba da kanun labarai.

Ana nan sai aka ƙirƙiro wani shiri a kan sunayen garuruwa da wurare, wai sabuwar jiha ta san kanta. Aka ce kowane wakili ya kawo nasa. Na ce zan yi a kan wani dutse da ke gabas da Wara, a kan tsohuwar iyakar Lardin Sakkwato da Lardin Neja, wanda yanzu ya raba Kebbi da Jihar Neja. Hausawa suna ce masa Dutsen Bankwana. Shugabana ya ce sunan yana da daɗi, in je in binciko asalinsa. Ban gaya masa cewa na san dutsen tun kafin in iya karatu ba.

Inna 'yar bayan dutsen ce. Mutanenta manoman tudu ne, suna da harshensu da addininsu na gargajiya. Tana budurwa mahaifina yakan kai busasshen kifi ƙauyensu yana musaya da dawa, suka daidaita, ta ce za ta bi shi ta musulunta. Iyayenta sun riga sun mutu, yayanta ne babba a gida, kuma bai so ba. Ya yi faɗa, ya daina yi mata magana. Amma ranar tafiya sai ya fito ya rako ta har saman dutsen.

A ƙauyensu, in ji Inna, duk wanda zai yi tafiya mai nisa babban gida yakan raka shi zuwa saman dutsen, ya aza masa dutse ɗaya a kan tarin da ke wurin. Kowace shekara bayan an yanke dawa zai hau ya shafa wa dutsen man kaɗe, alamar ana jira. Idan matafiyi ya dawo, su biyu za su ɗauko dutsen su kawo gida. Idan labarin mutuwarsa ya zo, wanda ya aza shi zai sauko da shi ya binne a bayan ɗaki. Idan kuwa an yi fushi an fid da rai, sai a wurga shi gangaren da matafiyin ya bi. Yayanta bai tsinci dutse a hanya kamar yadda kowa ke yi ba. Ɗan dutsen niƙan uwarsu ya ɗauko daga gida ya aza mata.

Ba ta taɓa komawa ba. Da farko kunya ce, daga baya nisa, don mahaifina ya koma Sakkwato da sana'arsa. Daga baya kuma tsoro: kada ta hau ta tarar an wurgar. Da ciwo ya kwantar da ita ta kira ni ta ce, "In Allah ya kai ka wajen, ka hau ka duba mini. In babu, shi ke nan, ka sauko abinka. In yana nan, kada ka bar yayana yana jiran gawa."

Ni na karanta sanarwar rasuwarta a rediyo da bakina. Abokin aikina ya ce in bar masa, na ce a'a. Na faɗi sunan da aka sa mata bayan ta musulunta, na ce matar marigayi wane mai kifi, na ce ta bar ɗa ɗaya da dangi da yawa, don haka ake cewa. Muryata ba ta yi rawa ba. Sai daga baya na lura cewa ko da akwai rediyo a bayan dutsen, babu wanda ya san wannan sunan a can.

Na shiga jirgin kasuwa daga Yelwa zuwa Wara. Matuƙin wani dogon mutum ne mai yawan magana, yana ganin rakoda ya ce in dawo kusa da inji.

"Mai rediyo, ka sa ni ciki. Matata ta ce ban san komai ba sai ruwa, bari ta ji ni cikin akwati."

Na tambaye shi dutsen.

"Wanga ai kowa ya sani. Zamanin hari na. Duk wanda aka kama aka ƙetare da shi wanga dutsi, to ya yi bankwana da gida. Kakana ya faɗa min."

"Kakanka ya gani?"

"Kai ma dai! In da ya gani ai da ba a haife ni ba."

Mutanen jirgi suka yi dariya. Wata mai tallan ƙuli ta ce kada in yarda da shi, jiya ma ya ce wani kada ya leƙo daga ruwa ya gaishe shi. Ƙarar inji ta cinye rabin abin da na ɗauka.

A Wara wani jami'i a sakatariya ya ba ni kujera da nasa bayanin. Ya ce Turawa ne. Jami'in wannan lardi da na wancan sukan haɗu a saman dutsen su duba iyaka, su sha shayi, su yi bankwana kowa ya koma nasa ɓangaren, masu ɗaukar musu kaya suka sa wa wurin suna. Ya ce har yanzu akwai turken siminti a wurin. Ya ƙara da cewa in kula, ƙauyen da ke baya ba na jiharmu ba ne, kada in je in yi wa Neja aiki a banza.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni inda hanyar babur ta ƙare, muka yi zai dawo washegari. Na hau ni kaɗai. Ba dogon dutse ba ne sosai, amma hanyar tana da santsi, takalmina kuma na ofis ne. An gama yankan dawa, gonakin gangare sai kara a tsaye. Da na waiwaya sai ga tafkin Kainji a shimfiɗe, jirage a kansa kamar ƙudaje a faranti.

A saman akwai turken simintin, ya tsage. Kusa da shi ga tarin duwatsu, ya kai mini ƙugu. Yawancinsu busassu ne, fari-fari, ciyawa ta fito tsakaninsu. 'Yan kaɗan ne suka yi baƙi da mai. Ban sha wahalar nema ba. Yana gefen da ke kallon yamma, dogo, sumul, da ɗan lotsawa a tsakiya inda hannun mata ya ci shi. Man da ke jikinsa sabo ne, tururuwa suna ta kewaya shi.

Na zauna a kan turken na daɗe. Amsar da Inna ta ji tsoron nema ga ta nan: ba a wurgar ba. Sauran saƙon ne ya yi mini nauyi. A Sakkwato an yi mata addu'ar arba'in, an raba kayanta, wasu sun shiga ɗakinta. A duk duniya saura wuri ɗaya da Inna take da rai, wato bayan wannan dutsen, kuma ni aka aiko in rufe shi.

Na gangara ɗaya gefen. Ƙauyen ƙarami ne, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, ga wata 'yar coci mai rufin kwano a bakin gari. Wata mata da za ta yi sa'a da ni tana sheƙar dawa, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Ta dubi takalmina kafin ta dubi fuskata.

"Allurar shanu ko ƙidaya?"

Na ce rediyo. Na ce ina neman dattijon da zai ba ni labarin tarin duwatsun da ke sama.

"To ka zo gidan. Babana ba ya gajiya da wannan magana, mu ne muka gaji."

Yana zaune a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Tsoho ne ƙwarai, siriri, idanunsa sun fara fari. Ban buƙaci a gaya mini ko wane ne ba. Yadda ya karkata kai yana sauraren gaisuwata, haka Inna take yi. Na durƙusa na ce, "Baba, sannunku da hutawa." Ya amsa da Hausar kasuwa, mai nauyi amma a fili. 'Yarsa ta kawo mini kunu a ƙwarya, ta ce burkutu ma akwai amma ta ga alamar salla a goshina.

Na kunna rakoda. Aikin da na iya ke nan, na ɓuya a bayansa. Na gaya masa abin da matuƙin jirgi ya ce da abin da jami'i ya ce.

"Bature ya zo, gaskiya ne," in ji shi. "Ya tarar da duwatsunmu, ya kafa nasa a gefe. Nasa ba wanda ke shafa wa mai. Hari kuma an yi, amma wanda aka kama wa ya raka shi?"

"To daga ina sunan ya fito, Baba?"

"Daga bakinku. Fatakenku suna wucewa da jakuna, suna ganin mutum biyu sun hau, ɗaya ya sauka nan ɗaya ya sauka can. Suka ce bankwana. Abin da suka gani ke nan, don su masu wucewa ne. Ba su dawowa bayan kaka su ga mai hawa da mai. Mu a harshenmu wurin jira muke ce masa."

Ya faɗi kalmar da harshensu. Na taɓa jin ta a bakin Inna, ban san ma'anarta ba sai ranar.

Na tambaye shi busassun. Ya ce waɗanda masu jiransu suka mutu ne. Dutse na wanda ya aza shi ne, ba a gadonsa. In ya mutu ba mai shafawa, ba mai saukewa, haka zai zauna.

"Shi ya sa nake gaya masa ya bari," in ji 'yarsa daga bakin murhu. "Bana sai da na tura shi ta baya kamar jaki ya ƙi tudu. Dubi gwiwoyinsa."

"Rufe mini baki. Ke aka tambaya?"

"Kuma saboda dutsen nan uwar niƙan kakarmu ta zauna ba ɗa. Ga ta can kaji ke sha a ciki."

Na duba. Tana jingine a gefen danga, da ɗan ruwa a cikinta.

"Na ƙanwata ne," in ji tsohon, ya juyo gare ni. "Ta bi wani mai kifi Yelwa. Ba ta jin magana, tun tana ƙarama haka take. Na aika Yelwa an ce sun tashi. Amma za ta zo. Mace in ta tsufa gida take tunawa." Ya nuna rakodar da ƙotar da ke hannunsa. "Kai da muryarka ke zuwa ko'ina. An ce kuna cigiya, ko akuya ta ɓace kuna faɗi. Ka yi mini cigiyarta. Ka ce yayanta ya daina fushi tun tuni, ta zo mu sauke dutse tun ina iya hawa."

Ya faɗi sunanta na gida, sau biyu, a hankali, don injin ya kama.

Na kashe rakodar. Na karanta sanarwar mutuwa da ba zan iya tuna yawansu ba, kuma dukkansu da kalmomin Innalillahi ake farawa. Suka zo mini baki, na ga ba nasa ba ne, ba za su gaya masa komai ba. Ban da su kuma ba ni da wasu a shirye.

Na ce, "Kawu, ƙanwarku ta rasu da daminar nan, a Sakkwato. Ni ne ɗanta. Ita ta ce in zo."

'Yarsa ta saki muciya. Shi bai motsa ba. Can ya ce, "Tashi. Yi tafiya zuwa dangar can ka dawo."

Na tashi na je na dawo.

"Tafiyarta ce," in ji shi. "Kamar ana bin ta bashin gaisuwa." Ya ajiye ƙotar. "Da damina ka ce?"

"Da damina."

"To bana gawa na shafa wa mai."

Ya shiga ɗaki ya saki asabari. 'Yarsa ta yi kukanta a bayan rumbu, ta wanke fuska, ta dawo ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

"Ashe taubashina ne ya zauna yana sha mini kunu yana yi mini Hausar labarai. Kai, ba ka da kunya? Ka shigo gidan uwarka kamar mai allurar shanu."

Na ce ban san yadda zan fara ba.

"Da ka fara da cire wannan takalmin. Ta sha wahala?"

Na ce ba sosai ba. Ta tambaye ni ko tana da ƙiba, ko tana dariya, ko ta koya mini harshensu. Na ce kalmomi kaɗan. Ta ce in faɗa, na faɗa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce duk na zagin akuya ne. Tun da na zo kudu ban yi hira irin wannan da kowa ba.

Na kwana a gidan. Da hantsi muka hau mu uku, ni da jakata don daga can zan wuce. Tsohon yana gaba da sanda, ya hana a taɓa shi. A hanya 'yarsa ta yi ta roƙonsa da harshensu, tana juya mini da Hausa don in ji. Ta ce tun da ɗan Inna ya zo ai kamar ita ce ta dawo, a bari ni da shi mu ɗauko dutsen tare, a mayar da shi kan uwar niƙa.

"Ɗa ba uwa ba ne," in ji shi. "Wadda na raka ba ta dawo ba."

A saman ya durƙusa da ƙyar. Ya sa hannu biyu ya ɗaga dutsen, ƙasansa fari fat, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Ya yi masa magana kaɗan a hankali, ba a juya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ya naɗe shi a gefen zanensa ya ɗaure a ƙugu. Inda ya tashi ya bar ɗan gurbi, tururuwa suka rikice a ciki.

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Ban faɗa ba, amma na san abin da nake jira. Ga babban gida, ga mai tafiya, ga tarin duwatsu. Taubashiyata ma ta gane. Ta sunkuya ta tsinci wani jan dutse ta miƙa wa ubanta.

Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya mayar da shi ƙasa inda ta ɗauko.

"Ba na aza abin da ba zan sauke ba," in ji shi. "Wannan hawan shi ne na ƙarshe. In na aza maka, baɗi ya bushe, ya zama ɗaya daga cikin waɗannan. Ka ga suna da kyau?"

Na ce a'a, Kawu.

"In ka ga dama ka zo, gida ne. Amma ka tafi da sani ba wanda ke jiranka a nan. Ya fi sauƙi. Na gwada ɗayan."

'Yarsa ta ce ita da za ta aza, amma ba ta da hannu a wurin, gidan wani take aure. Ta tura mini ƙullin gyaɗa a aljihu, ta ce in na ƙara zuwa da wannan takalmin za ta ba aladu. Suka juya. Na tsaya ina kallonsu suna gangarawa ta gefen Neja, shi a gaba, nauyin dutsen yana karkata shi gefe ɗaya, har kara ya rufe su. Sannan na sauka ta gefen Kebbi. Ɗan kabu-kabu bai zo ba, na taka zuwa Wara.

Shirin ya fita bayan 'yan makonni. Na sa muryar matuƙin jirgi, don matarsa ta ji, na sa ta jami'i, na rufe da ta tsohon inda yake cewa Hausawa masu wucewa ne suka ga rabuwa, su kuwa wurin jira suke ce masa. Na yanke cigiyar. Shugabana ya ce aikin ya yi kyau, sai dai na ba mutanen Neja lokaci da yawa.

Na saurari shirin a ɗakina na bayan masu banda, ni kaɗai. Da ya ƙare na ɗauko asalin kaset ɗin na kai shi wurin da na yanke. Muryar Kawu ta faɗi sunan Inna na gida sau biyu, a hankali, daga nan sai ƙarar maɓallin da na danna.